Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Likitoci da Ƙungiyoyinsu: In Za Ku Ba Mu Ƙwayar Wofi, Ku Faɗa Mana

Assalamu alaikum, ya ku likitoci, da ma'aikatan jinya, da masu harhaɗa magunguna, da shugabannin ƙungiyoyin da ke tsara muku ƙa'idojin aiki.

Bayan gaisuwa da godiya kan ɗawainiyar da kuke yi da mu dare da rana, na rubuto muku ne kan wata al'ada da ta daɗe a cikin aikinku, wadda ba kasafai kuke zancenta a gaban marasa lafiya ba. Ina nufin bai wa mutum abin da ku da kanku kun san ba shi ne maganin ciwon da ya kawo shi ba, don dai hankalinsa ya kwanta ya koma gida. Wani lokaci ƙwayar sukari ce ko allurar ruwan gishiri, abin da kuke kira filasibo, ni kuma zan riƙa ce masa ƙwayar wofi. Amma galibi magani ne na gaske da aka ba da shi inda ba shi da aiki: bitamin ga wanda jikinsa bai rasa bitamin ba, antibayotik ga mai mura, ƙarin ruwa ga wanda ruwan jikinsa bai ƙare ba. Roƙona guda ɗaya ne. Ku daina yin wannan a ɓoye. In kuna ganin ƙwayar wofi za ta taimaki mutum, ku faɗa masa abin da ke cikin kwalbar, sannan ku bar shi ya zaɓa.

Ba zargi nake yi da ka ba, abokan aikinku ne suka faɗa da bakinsu. A shekarar 2008 mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa wani binciken jin ra'ayi da aka yi a Amurka, inda likitoci 679 suka amsa tambayoyi. Kusan rabinsu sun ce suna rubuta irin wannan magani a kai a kai. 'Yan ƙalilan ne suke ba da ƙwayar sukari ko ruwan gishiri. Yawancinsu bitamin suke bayarwa ko maganin ciwon jiki na yau da kullum, kuma kashi 13 cikin ɗari sun ce antibayotik suke rubutawa. Da aka tambaye su me suke ce wa majiyyacin, mafi yawansu suka ce suna gaya masa wani magani ne da ba a saba amfani da shi a ciwonsa ba amma yana iya taimaka masa. Kashi 5 cikin ɗari kacal suke kiran abin da sunansa. A Birtaniya kuma, a 2013, cikin likitoci 783 da aka tambaya, kashi 97 cikin ɗari sun amsa cewa sun taɓa yin haka aƙalla sau ɗaya.

Na san ba mugunta ce ke sa ku ba. Layi ya yi tsawo, minti kaɗan kuke da shi da kowane mutum, ga kuma wanda ya zauna a gabanku yana jin cewa in ya fita ba takardar magani to ba a duba shi ba. Ga wata tsohuwar fahimta da aka koya muku, cewa ƙwayar wofi tana aiki ne muddin mai sha bai san wofi ba ce. In haka ne, likita mai tausayi yana tsakanin abu biyu: ko ya yi 'yar ƙarya mutum ya samu sauƙi, ko ya faɗi gaskiya mutum ya tafi da ciwonsa. Da yawanku sun zaɓi ta farkon da kyakkyawar niyya. To amma wannan fahimtar ce bincike ya girgiza, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan.

Tun a 1965 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Jami'ar Johns Hopkins, Lee Park da Lino Covi, suka gwada abin a kan mutum 15 masu fama da damuwa da fargaba. Suka gaya musu ƙarara cewa ƙwayar sukari ce, babu magani a ciki ko kaɗan. Bayan mako guda 14 suka dawo, kuma kusan dukkansu suka ce sun ji dama. Wasu ma suka ƙi yarda cewa sukari ne. Gwajin ƙarami ne, babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi, don haka aka ajiye shi a gefe har shekaru arba'in da biyar.

Wanda ya farfaɗo da maganar shi ne Ted Kaptchuk na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa, a 2010. Sun ɗauki mutum 80 masu ciwon hanjin nan mai naci da kuke kira IBS, wanda ke zuwa da murɗar ciki da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida, alhali gwaji ba ya nuna wata ɓarna a hanjin. Yana da kyau ku dubi yadda zaman ya kasance. An zauna da kowane mutum an saurare shi a tsanake. An miƙa wa rabinsu kwalba wadda aka rubuta a jikinta cewa ƙwayoyin filasibo ne. An gaya musu cewa babu sinadarin magani a ciki. Aka yi musu bayanin cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun nuna tasiri a gwaje-gwaje, cewa jiki kan amsa da kansa ga abin da ya saba da shi, cewa ba dole ba ne sai sun yi imani da abin, amma dai su daure su riƙa sha sau biyu a rana ba fashi. Ɗaya rabin kuma sun samu irin wannan tarba da sauraro, sai dai ba a ba su ƙwaya ba. Bayan mako uku, kashi 59 cikin ɗari na masu shan ƙwayar suka ce sun samu gamsasshen sauƙi. A ɗaya rukunin kashi 35 ne suka faɗi haka.

Daga nan wasu suka biyo baya. A Fotugal, a 2016, Cláudia Carvalho ta gwada a kan masu daɗaɗɗen ciwon baya, waɗanda suka ci gaba da shan magungunansu na da, aka ƙara wa rabinsu ƙwayar wofi da saninsu. Cikin mako uku zafin ya ragu musu da kusan kashi 30 cikin ɗari, fiye da na sauran nesa ba kusa ba. A Jami'ar Alabama da ke Birmingham, a 2018, an gwada a kan mutum 74 da suka gama jinyar ciwon daji amma gajiya ta ƙi sakin su, aka ga gajiyar ta ragu. A 2021 Anthony Lembo ya maimaita gwajin ciwon hanji da mutum 262 har tsawon mako shida, kuma a wannan karon ya ƙara rukuni na uku, waɗanda ba su san ko wofi suke sha ko magani ba. Waɗanda aka gaya wa gaskiya da waɗanda aka bari cikin duhu sun samu sauƙi kusan daidai da juna, kuma duka biyun sun fi waɗanda ba a ba komai ba. Wannan sakamakon ne ya fi tsaya mini a rai, domin yana nufin ɓoyewar ba ta ƙara wa majiyyaci komai ba.

Wani zai ce ta yaya abin da ba komai a cikinsa zai yi aiki, kuma mai sha ya sani? Wani ɓangare na amsar ya daɗe a hannunku. A 1978 Jon Levine da abokansa a San Francisco suka nuna cewa sauƙin da ƙwayar wofi ke bai wa waɗanda aka cire wa haƙori yana gushewa idan aka yi musu allurar naloxone, maganin da ke toshe hanyar da mofin, wato wani ƙaƙƙarfan maganin kashe zafi, ke bi a jiki. Ma'ana jiki ne da kansa yake sakin nasa maganin kashe zafi. A 2001 masu bincike a Kanada suka ga ƙwaƙwalwar masu ciwon Parkinson, mai sa karkarwar jiki, tana sakin dopamine, sinadarin da ciwon ke rage musu, bayan allurar wofi. Fabrizio Benedetti a birnin Turin na Italiya ya nuna cewa maganin kashe zafi na gaske ya fi aiki idan majiyyaci ya ga ana ba shi, a kan a zuba masa ta na'ura bai sani ba. Jiki yana koyo. Mutumin da ya shekara da shekaru yana haɗiyar ƙwaya yana jin sauƙi, haɗiyar kanta ta zame masa alama. Ga kuma zaman da likita, da kulawa, da jin cewa wani ya ɗauki ciwonka da muhimmanci. Wani gwaji da aka yi a Basel ta ƙasar Siwizalan a 2017 ya ƙara haske a nan: man shafawa na wofi ya rage jin zafi idan an yi wa mutum bayanin dalilin da zai sa ya yi aiki, amma da aka miƙa shi kawai ba bayani sai tasirin ya yi rauni. Ashe bayaninku da lokacinku su ne babban rabin maganin.

Yanzu bari in juya ga ɗaya gefen, domin ba na so wasiƙar nan ta zama talla. Akwai iyakar da ƙwayar wofi ba ta tsallakewa, kuma jahiltar iyakar nan yana iya kashe mutum.

A 2011 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa wani gwaji da Michael Wechsler ya jagoranta a kan masu ciwon asma. Kowane majiyyaci ya samu abu huɗu a ranaku daban-daban: maganin shaƙa na gaske wato albuterol, abin shaƙa na wofi, tsira allura irin ta maganin gargajiyar Sin amma ta bogi, da kuma zama kawai ba a yi masa komai. Da aka tambaye su yadda suka ji, sai suka ce maganin gaske ya sauƙaƙa musu da kashi 50 cikin ɗari, abin shaƙa na wofi da kashi 45, allurar bogi da kashi 46. Kusan babu bambanci. Amma da aka sa suka hura iska cikin na'urar auna numfashi, maganin gaske ya buɗe huhunsu da kashi 20 cikin ɗari, sauran ukun kuwa kashi 7 ne kowannensu, har da zaman banzan. Ku dubi wannan mutumin da kyau: yana murmushi yana cewa ƙirjinsa ya saki, alhali hanyoyin iskarsa suna nan a matse yadda suke. In ya yarda da abin da yake ji ya ajiye maganinsa, dare ɗaya zai iya zama ajalinsa.

Haka abin yake a ko'ina. Masu bincike biyu 'yan Denmark, Asbjørn Hróbjartsson da Peter Gøtzsche, sun tattara gwaje-gwaje sama da ɗari a 2001, suka gano cewa ƙwayar wofi ba ta da wani tasirin a zo a gani a kan abubuwan da ake aunawa da na'ura, sai dai ɗan tasiri a kan abin da mutum ke ji, musamman zafi. A New Zealand an gwada ko ƙwayar wofi da aka bayar a fili za ta sa rauni ya warke da sauri, ba ta yi ba. A birnin Essen na Jamus, a 2019, masu ciwon baya sun ce zafi ya ragu amma ma'aunin lanƙwasar bayan bai canza ba, kuma da aka sake bibiyarsu bayan shekara uku ba a ga wani bambanci da ya ɗore ba. Ƙwayar wofi ba ta kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, ba ta warkar da tarin fuka, ba ta rage ƙari, ba ta maye gurbin insulin ga mai ciwon sukari. Wurin aikinta shi ne zafi, da gajiya, da tashin zuciya, da ire-iren abubuwan da mai su kaɗai ke iya faɗin nauyinsu.

Gwaje-gwajen da na ambata masu daɗin ji ma suna da nasu raunin, kuma ya kamata ku san shi kafin ku gaya wa kowa komai. Yawancinsu ƙanana ne, kuma na 'yan makonni. Mutanen da suka shiga su ne suka kawo kansu, wasu bayan sun ga sanarwar da ke magana a kan sabuwar hanyar haɗa tunani da jiki, to dama masu sha'awar irin wannan ne za su zo. Ba yadda za a yi a ɓoye wa mutum rukunin da yake, tunda gaskiyar ce ake gwadawa. Wanda ya zo da ɗoki aka ce masa shi ba za a ba shi komai ba, yana iya komawa da sanyin gwiwa ya ce bai ji sauƙi ba. Wanda likita ya yi wa kirki kuma yana iya jin nauyin cewa abin bai yi ba. Duk wannan yana iya kumbura alƙaluman. Ni dai ina ganin tasirin gaskiya ne, amma bai kai girman da wasu jaridu suka ba shi ba.

A nan ne nake jin tsoron wata sabuwar yaudara ta shigo ta ƙofar baya. Likita zai iya cewa "wannan ba magani ba ne" da baki ɗaya, sannan da ɗaya bakin ya ce "amma yana da ƙarfi ƙwarai, kimiyya ta tabbatar," ya kuma ji a ransa cewa ya sauke nauyi. Bai sauke ba. Faɗin abin da ke cikin kwalba kaɗai bai isa ba, sai an faɗi gwargwadon hujjar da ke bayanta. Abin da nake so in ji daga bakin likitana shi ne irin wannan: "Mun duba ka, ba mu ga wani abu mai haɗari ba. Ga wata ƙwaya da babu magani a cikinta. A wasu ƙananan gwaje-gwaje an ga masu irin ciwonka sun samu sauƙi da ita ko da sun san haka, wasu kuma ba su samu ba. Ba za ta cutar da kai ba. In kana so mu gwada na mako uku, in ba ka so akwai wasu hanyoyi." Wannan magana ba ta fi minti ɗaya ba, kuma babu kalma ɗaya a cikinta da likita zai ji kunya in majiyyacin ya je ya bincika.

Abu na biyu da nake tsoro ya fi wannan zafi. Akwai mutanen da dama can ba a cika yarda da kukansu ba a asibiti: mata masu ciwon mara ko ciwon gaɓoɓi da ake ce wa tunani ne, tsofaffi, talakawan da ba su iya biyan kuɗin gwaji, da masu taɓin hankali da ake ɗora kowane ciwo nasu a kan larurarsu. In aka buɗe wannan ƙofa ba tare da ƙa'ida ba, su ne za a fara sallama da ƙwayar wofi, mai hali kuma a tura shi ɗakin hoto. Ciwon cikin da aka ce na damuwa ne yana iya zama ƙari a hanji. Ciwon bayan da aka raina yana iya zama ƙoda. Don haka bincike ne farko, kuma ƙwayar wofi ba za ta taɓa zama hanyar rage layi ko tsimin kuɗin asibiti ba. Haka nan sauƙin da mutum ya samu da ita ba hujja ba ce cewa dama ciwon nasa na ƙarya ne. Wanda aka cire wa haƙori ma ya samu sauƙi da ita, kuma ba wanda zai ce ramin da ke bakinsa tunani ne.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, ina nan a kan bakana cewa bayarwa a fili ta fi abin da ake yi yanzu nesa ba kusa ba. Ku duba farashin ɓoyewar. Antibayotik da aka rubuta wa mai mura don kawai ya tafi da wani abu a hannu yana iya sa masa gudawa ko ƙaiƙayi, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta wallafa ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Allurar da ba a buƙata tana iya kawo ƙurji. Majiyyaci yana biyan kuɗin abin da aka san ba zai yi masa aiki ba. Yana kuma komawa gida da darasin da ba daidai ba, cewa mura sai da antibayotik, gajiya sai da ƙarin ruwa, gobe ya dawo ya nemi irinsa, ya koya wa 'ya'yansa. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne, balle a zamanin da kowa zai iya rubuta sunan magani a wayarsa ya ga aikinsa. Ranar da mutum ya gano cewa likitansa ya lallaɓa shi, ranar zai fara shakkar allurar rigakafi da maganin hawan jinin da likitan nan ya rubuta masa da gaskiya. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta gane haka tun 2006, lokacin da ta sa a cikin ƙa'idojinta cewa ba da filasibo ba tare da sanin majiyyaci ba yana rusa amana, kuma ba a yarda a ba shi don kawai a rabu da mai yawan ƙorafi ba.

Inda na fi ganin alheri a gaba shi ne haɗa ƙwayar wofi da magani na gaske don a rage yawan na gasken. Adrian Sandler da abokansa a Amurka sun gwada haka a 2010 a kan yara masu larurar rashin natsuwa da gaza mai da hankali: aka haɗa musu maganinsu da ƙwayar wofi da saninsu da sanin iyayensu, sannan aka rage maganin zuwa rabi, yaran da yawa suka ci gaba da zama lafiya, illolin maganin kuma suka ragu. A Boston, a 2021, waɗanda aka yi wa tiyatar ƙashin baya kuma suka riƙa haɗa ƙwayar wofi da maganin kashe zafi dangin mofin sun sha ƙasa da abin da sauran suka sha da kusan kashi 30 cikin ɗari. Duk wanda ya ga yadda waɗannan magunguna ke kama mutum su hana shi sakat ya san darajar rage ko da ƙwaya ɗaya a rana. Waɗannan ma ƙananan gwaje-gwaje ne, suna buƙatar a maimaita su da mutane masu yawa, a ƙasashe daban-daban, na tsawon watanni.

Ku shugabannin ƙungiyoyin likitoci da hukumomin da ke ba da lasisi, a hannunku wuƙa da nama suke. Ku rubuta a fili cewa rubuta magani inda aka san ba shi da aiki, ba tare da gaya wa majiyyaci ba, saɓa ƙa'idar aiki ne, ko da bitamin ne. Ku fayyace larurorin da aka yarda a gwada ƙwayar wofi a cikinsu da waɗanda aka haramta, ku wajabta a rubuta ta da sunanta a katin majiyyaci tare da ranar da zai dawo a sake duba shi. Ku sa ido a kan 'yan kasuwar da suka fara sayar da irin waɗannan ƙwayoyi a intanet ba likita ba gwaji. Makarantun koyon likitanci kuma su koya wa ɗalibai yadda ake gaya wa mai mura cewa ba ya buƙatar antibayotik, ta yadda zai fita yana jin an kula da shi, domin wannan ƙwarewa ce da ake koya kamar ɗinkin rauni. Sannan in za ku zauna rubuta waɗannan ƙa'idoji, ku gayyaci masu daɗaɗɗen ciwo su zauna tare da ku, ku tambaye su da kanku ko sun fi son a lallaɓa su ko a gaya musu.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu zuwa gabanku neman lafiya.